Tsarin Gida da Kayan Zaƙin Gargajiya: Gadon da Muke Sakaci da Shi

Jawabin da tsohon hedimastan makarantar firamare ta garinmu ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiya



Gabatarwa

Da farko muna godiya ga shugabannin wannan Ƙungiya da suka ga dacewar a ba mu wannan dama. Lokacin da takardar gayyata ta iso, an bar mana zaɓin abin da za mu yi magana a kai, kuma kowa ya ɗauka batun makaranta za mu ɗauko. Da muka faɗa wa wani abokinmu cewa a kan tsarin gida da su alkaki da nakiya za mu yi jawabi, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, kai da ka tsufa da alli a hannu, me ya haɗa ka da madafa?"

Amsar da muka ba shi ita ce za mu maimaita a nan. Shekara 35 muka yi muna karɓar 'ya'yan jama'a da safe muna sallamar su da rana. A cikin waɗannan shekaru mun fahimci cewa tun daga bakin ƙofar aji malami yake karanta gidan da yaro ya fito. Yaron da kullum littafinsa ya ɓata, ko ya zo da takalmi wari ɗaya don an rasa ɗayan, ko ya makara don an kwana ana neman ashana, ba lallai ne a ce iyayensa matalauta ne ba. Sau da yawa gidan ne babu tsari. Ƙungiyarmu tana ƙoƙari wajen gyara azuzuwa da haƙa rijiyoyin burtsatse da gina kwalbatoci, Allah ya saka da alheri. To amma gari taron gidaje ne, kuma duk aikin da aka yi a waje, a cikin gida ake cin moriyarsa ko a lalata shi.

Kafin mu tsaya a gabanku sai da muka koma ɗalibta. Mun zauna gaban mai ɗakinmu da kuma Yayarmu, wadda ta haura saba'in, muna tambaya muna rubutawa. Abin da ya yi daidai a bayanin girki nasu ne, kuskuren kuwa namu ne.

Yadda iyayenmu suka tsara gida

Duk wanda ya girma a garin nan kafin shekarun 1980 zai iya rufe ido ya zana gidansu. Ga zaure inda maigida ke karɓar baƙi, ga shigifa, ga tsakar gida, ga turaka, ga ɗakunan mata, ga madafa a gefe guda inda hayaƙi ba zai cika ɗakuna ba, ga turken dabbobi can baya. Rumbu kuwa a kan duwatsu ake ɗora shi, domin kada damshin ƙasa ya kama hatsi, kuma gara da ɓera su sha wahalar hawa. Randa tana inuwa da murfinta da moɗarta, wadda ba a shan ruwa da ita sai dai a ɗiba a zuba a wani abu. Ƙwaryar nono tana rataye a ragaya, inda kyanwa da yara ba za su kai ba. Kafin damina a yi yaɓe a gyara indararo, bayan kaka a sake jinka. Babu wanda ya karanta wannan a littafi, amma kowane abu da dalilinsa.

Akwai kuma tsoron duba-gari, wanda zai shigo ya leƙa randa ya duba masai, in ya ga tsutsa a ruwa a ci maigida tara. Daga baya, a zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar a 1984, aka saba mana da fitowa shara a Asabar ɗin ƙarshen wata. Mu da muka shiga Kwalejin Horon Malamai a lokacin da ake shirin ilimin firamare kyauta na 1976, mun tarar da irin wannan horo a ɗakin kwana: gado a gyare, akwati a ƙarƙashinsa, bokiti a jere, ranar Asabar a zo dubawa.

Ba muna cewa a koma zamanin da ba ne, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Abin lura shi ne iyayenmu kayansu kaɗan ne kuma kowanne da mazauninsa. Mu kuwa kaya sun yi mana yawa, ga leda ga roba ga tsofaffin wayoyi, ɗakuna sun ƙanƙance, da yawanmu a ciki da falo muke zaune a gidan haya. Saboda haka mun fi su bukatar tsari, amma mun fi su sakaci da shi.

Ayyuka huɗu da kowane gida zai iya yi

Na farko, adana takardu. Wata rana wani tsohon ɗalibinmu ya zo mana ido jawur. An kira shi tantancewar aiki, ya ɗaga katifa don ya ɗauko takardun makarantarsa, sai ya tarar gara ta cinye rabinsu. Muka buɗe tsohuwar rajista muka rubuta masa shaida, amma kafin ya kammala zirga-zirgar neman sauran an rufe ɗaukar aikin. Har yau in mun gan shi abin yana sosa mana rai. Takardar haihuwa da katin rigakafin yara da takardun makaranta da na gona da na fili da na cinikin gida, duk a haɗa su a leda mai kauri, a sa a akwatin ƙarfe, a ɗora a sama nesa da ƙasa da bango mai damshi. A yi fotokofi a kai ajiya gidan wani ɗan uwa amintacce, gida biyu maganin gobara. A kuma ɗauki hotonsu da waya. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ta nuna mana cewa ruwa ba ya jiran mutum ya nemo takarda. Rigingimun gado nawa ne a garin nan da takarda ɗaya tak za ta kashe su?

Na biyu, ajiyar abinci. Wake ne ya fi ba mu wahala, kuma saboda tsoron ƙwari wasu ke zuba masa fiya-fiya, su manta cewa cikin 'ya'yansu zai koma. Alhali ƙwaron wake numfashi yake yi kamar kowa. In wake ya bushe sarai aka zuba shi a jarka ko ganga mai tsabta, aka cika ta, aka toshe bakin yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin za su mutu da kansu. Wannan hikima ce ke cikin buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Gyaɗa da masara kuwa abokin gabarsu damshi ne. Funfunar da ke kama su tana haifar da wata guba da ake kira afalatoksin, wadda aka gano bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗa mai funfuna. Wannan guba tana lalata hanta, kuma suya ko dahuwa ba sa kawar da ita. Don haka a shanya da kyau, a tsince ruɓaɓɓu a zubar, a ɗora buhu a kan katako, kada ya jingina da bango. Mai yin dakuwa da ƙuli-ƙuli ita ta fi kowa bukatar jin wannan.

Na uku, raba yara da guba da wuta. Kalanzir a kwalbar lemo ya kwantar da yara da yawa a asibiti, domin yaro kwalba ya sani, bai san abin da ke ciki ba. Magungunan asibiti da na ƙwari da na ɓera su kasance a sama, a kulle, nesa da kayan miya. Tukunyar gas ta zauna inda iska ke shiga, a riƙa duba bututunta da ruwan kumfa. Kada a ajiye fetur a ɗakin kwana, musamman da hunturu lokacin da ake shiga da garwashi ɗaki. Janareta kuma a waje ake kunna shi, nesa da taga, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi.

Na huɗu, rabuwa da tarkace. Sau biyu a shekara, kafin damina da kuma kafin azumi, a fito da komai tsakar gida a kasa kashi uku: abin da ake amfani da shi, abin da wani zai amfana da shi, da abin da ya mutu. Na farko a mayar da shi mazauninsa. Na biyu a bayar tun yana da sauran amfani, domin rigar da ta shekara uku a adaka ba a sa ta ba, akwai maƙwabcin da ɗansa ke bukatarta. Na uku a sayar wa 'yan gwangwan. Tsohuwar taya da fasasshen bokiti da gwangwanayen bayan ɗaki su ne gidan sauro, wanda cikin kwana 7 zuwa 10 yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wannan aiki kuma kada a jibga wa mata su kaɗai. A makaranta jadawalin shara muke liƙawa a bango, kowa da ranarsa, kuma ba mu taɓa ganin namijin da tsintsiya ta rage masa daraja ba. Maigida shi ne hedimastan gidansa. In ya dawo ya jefar da hula nan, takalmi can, kada ya yi mamaki in 'ya'yansa sun gaje shi.

Asalin kayan zaƙinmu

Yanzu bari mu shiga madafa. Sunayen kayan zaƙinmu kansu tarihi ne. Alkama da sukari da alewa da alkaki da gireba duk kalmomi ne da suka samo asali daga Larabci, baƙilawa kuma ita ce baklawa da aka sani a ƙasar Turkiyya da ƙasashen Larabawa. Fataken Gadamus da Turabulus da suka riƙa ƙetaro Sahara suna zama a Kano, a unguwar da har yau ake kira Dandalin Turawa, sun zo da irin cimarsu, iyayenmu mata suka karɓa suka sarrafa ta da abin da ke ƙasarmu: man shanu da zuma da tsamiya da kanwa da citta da kanumfari da masoro. Ga kuma namu na asali, irin su nakiya da dakuwa da kantun riɗi da maɗin ɗinya. Daga baya, da madarar gari da ta gwangwani suka yawaita, aka samu tuwon madara da gullisuwa da iloka, fulawa kuma ta kawo cincin da dubulan da kek.

An daɗe ana noman alkama a fadamun ƙasar Hausa da rani. Noman ya bunƙasa bayan gina madatsar Tiga a shekarun 1970, wadda ke shayar da gonakin Kadawa, ya kuma ƙara samun kasuwa lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, kafin daga baya a janye hanin. Duk da haka mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawa da ita a Nijeriya daga waje take zuwa. Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022, da janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, suka iso har cikin kaskon suyar matan garin nan. Wannan ma dalili ne na mu riƙe abin da ake yi da shinkafarmu da riɗinmu da gyaɗarmu da ayarmu.

Ilimin da ke cikin turmi

Ga yadda Yaya ta bayyana mana alkaki. Ana ɓarza alkama, kada ta yi laushi kamar fulawa. A murje ta da ɗan mai, a kwaɓa da nono mai tsami ko ruwan tsamiya, a rufe a bar ta ta kwana. Da safe a zuba ɗan ruwan kanwa, a kirɓa a turmi har ta yi danƙo, a murza a naɗe, a soya a wuta marar ƙarfi domin cikin ya soyu kafin bayan ya ƙone. Da an tsame sai a tsoma a zuma ko dafaffen sukari. Nakiya kuwa shinkafa ake wankewa a shanya, a niƙa, a soya garin sama-sama har ya yi ƙamshi, a haɗa da kayan yaji, sannan a daka da man shanu da zuma ko sukarin da aka dafa, har ta haɗe jikinta.

Da take wannan bayani sai muka ga darasin kimiyyar da muka sha koyarwa a aji shida. Kanwa in ta haɗu da tsami iska take fitarwa, wannan iska ce ke buɗa ƙullun ya yi sakayau, kuma aikin da bekin foda ke yi a kek ke nan. Tsamiya ko lemon tsamin da ake ɗiga wa sukari a wuta shi ke hana shi komawa tsakuwa in ya huce. Nakiya kuma tana daɗewa ne saboda an kori ruwa daga garin da suya, sukari da zuma sun riƙe ɗan abin da ya rage, funfuna ta rasa abin da za ta rayu a kai. Shi ya sa ake yi wa matafiyi guzurinta, ake kai wa mai jego, kuma shi ya sa ɗigon ruwa ɗaya ko jiƙaƙƙen hannu ke lalata tulu guda. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san duk wannan a aikace. Abin baƙin ciki shi ne a unguwarmu waɗanda suka iya alkaki na ainihi ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma dukansu sun manyanta. Ranar da suka kau, in ba a koya ba, sai dai a riƙa ba da labari.

'Ya'yanmu mata sun fi karkata ga kek, kuma babu laifi. Rashin na'urar gashi ko rashin wutar lantarki ba hujja ba ce. A zuba rairayi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora a kan gawayi ta yi zafi tukuna, a shafa mai a gwangwanaye, a zuba ƙullu rabi kawai don ya samu wurin tashi, a jera a kan rairayin, a rufe, a ɗora ɗan garwashi a kan murfi. Kada a yi ta buɗewa. In ƙamshi ya tashi a soka tsinke, in ya fito a bushe ya gasu. Gireba ma haka ake gasa ta. Sirrin kawai awo ne: gwangwanin da aka auna fulawa da shi yau, shi za a auna da shi gobe, a kuma rubuta a littafi.

A nan ne batutuwanmu biyu suka haɗu. Ba a yin alkaki a hargitsattsen madafa. Wadda sai mai ya yi zafi za ta fara neman matsami, ko ta buɗe fulawa ta tarar da ƙwari, ko ta rasa bambancin kwalbar man gyaɗa da ta kalanzir, asara ce za ta biyo baya, in ma abin ya tsaya a asara.

Sana'a da lissafi

Mata da yawa a garin nan da wannan sana'a suke sayen sabulu da littattafan yara, wasu marayu suke riƙewa da ita. Amma mun lura jari yana yawan karyewa, kuma dalilin rashin lissafi ne. Bari mu buga misali irin na aji. A ce mace ta sayi fulawa da sukari da mai na Naira 10,000, ta samu dubulan 120, tana sayar da kowanne Naira 100. A bakinta ta ci ribar Naira 2,000. To amma gawayi da leda da kuɗin mota sun ci Naira 1,500, yara da baƙi sun ci guda 10, wato Naira 1,000. Ashe faɗuwar Naira 500 ta yi, ba a ma sa ladan wahalarta ba. In ta yi haka sau ashirin jarin ya ƙare, sai a ce maita ce ko baki. Maganin abin littafi ne na Naira kaɗan, da raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane.

Sai tsabta. A rufe kaya daga ƙuda da ƙura, a daina hura leda da baki, a daina maimaita man suya har ya yi baƙi. Wadda ke son kayanta su shiga manyan kantuna sai ta nemi rajistar hukumar NAFDAC, kuma hakan ya fi sauƙi in mata sun haɗu a ƙungiya. Muna kuma roƙo, a matsayinmu na tsohon malami, kada tallan waɗannan kaya ya hana yarinya zuwa makaranta. A kai shago, ko a sayar a gida, ko a bari sai an tashi. Mun ga yara masu kaifin basira da farantin alewa ya raba su da aji, kuma ribar da aka samu ba ta kai abin da aka rasa ba.

Batun gara

Bahaushe yana da gara iri uku: gara mai cin takarda, garar aure, da kuma gara ta "gara haka da haka". Mun yi maganar ta farko, bari mu taɓa ta biyu. Asalin gara kyautatawa ce. Iyayen amarya su haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa domin 'yarsu ta fara zaman gida da abin hannunta, dangin miji su ɗanɗana su sa albarka. Dangi da maƙwabta ne ke taruwa a yi gayyar daka da suya, wannan ta kawo mudun shinkafa, waccan ta kawo man shanu, 'yan mata na gefe suna koyo.

Yau abin ya zama gasa. Ana ƙirga bokitan alkaki da na cincin, ana ɗaukar hoto ana yaɗawa a waya, ana yi wa yarinya gori in nata bai kai na kishiya ko na faccala ba. Mun san magidancin da ya jinginar da gonarsa saboda gara da kayan ɗaki, auren bai shekara ba, gonar kuwa har yau ba ta dawo ba. Mun san 'yan matan da ke zaune a gida, ga manema, amma iyaye na tsoron ranar kai gara. Sannan tunda saye ake yi daga birni, an yi asarar kuɗi, an kuma yi asarar makarantar da gayyar suya take zama. Saboda haka sai mu kawo gara ta uku: gara bokiti ɗaya da aka yi a gida da kwanciyar hankali, da goma na bashi. Masu karɓa su ya kamata su fara sauƙaƙawa. In uwar ango ta aika cewa kada a wahala, babu mai zagin iyayen amarya.

Zaƙi da lafiya

Zuma ma da harbi take. Ciwon sukari da hawan jini sun shigo gidajenmu, da yawa daga cikin sa'o'inmu da ke zaune a nan da magani suke kwana suke tashi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da zuma, ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincin yini, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga babba, in ma an rage zuwa cokali 6 ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya yana iya ɗauke da kusan cokali 10. Iyayenmu da salla da biki da suna suke cin alkaki, sannan su wuce gona ko su kama daka. Mu kuwa muna so mu ci kullum muna zaune. A mayar da kayan zaƙi matsayinsu na marmari, a sa yara wanke baki kafin barci, kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma, wanda ya haura arba'in kuma ya riƙa zuwa awon jini.

Shawarwari

Muna miƙa wa Ƙungiya waɗannan shawarwari:

1. Reshen mata ya shirya koyarwa a lokacin dogon hutu, inda tsofaffinmu za su koya wa 'yan mata alkaki da nakiya da dubulan da gireba, a kuma ba su ɗan abin goro don girmamawa.

2. A sa ɗalibanmu na sakandare su zauna da kakanninsu su rubuta yadda ake kowane iri, da awonsa, a buga a wannan mujalla ta baɗi.

3. Ƙungiya ta sayi babbar tukunyar gashi da manyan kaskon suya da za a riƙa ara lokacin biki a kan kuɗi kaɗan.

4. A ware rana guda kafin damina domin yashe kwatoci da fitar da tarkace, masu unguwanni su jagoranta.

5. Mai girma Hakimi da malamanmu da iyaye mata su zauna su tsayar da abin da ya dace a batun gara, manyan gari su fara aiki da shi a kan 'ya'yansu.

Kammalawa

Jama'a, babu ɗaya daga cikin abubuwan da muka lissafa da ke jiran gwamnati ko kwangila. Akwatin takardu da jarkar wake da littafin lissafi da yini guda a gaban tsohuwa, duk suna cikin ikonmu. Muna roƙon kowane magidanci, in ya koma gida yau, ya fara da ɗaga katifarsa ya ga halin da takardunsa ke ciki. Kowace uwa kuma ta kira 'yarta kusa da murhu a suyar salla mai zuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Inda muka yi kuskure a gafarce mu, musamman iyayenmu mata da muka yi wa shisshigi a fagensu. Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara wa wannan Ƙungiya haɗin kai, ya albarkaci gidajenmu da zuriyarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.